Danshi a Gindin Bango: Daga Ina Ruwan Yake Zuwa?

(Kiɗan buɗe shiri)



 Ina gaida iyayenmu da 'yan uwanmu na Ogui da Asata da Uwani da Ogbete a nan Inugu. Ina gaida na Anacha a bakin Kogin Kwara. Ina gaida na Fatakwal, inda sama ba ta gajiya da zubar da ruwa. Mai jin mu a shago, Allah Ya ba da kasuwa. Uwargida a madafa, sannu da aiki.

Kafin mu shiga shirin, ina da roƙo guda. Duk wanda ke cikin ɗaki yanzu, ya dubi ƙasan bangonsa, daidai inda bango ya haɗu da daɓe. In akwai katifa ko buhu a jingine, a ɗan ja shi gefe. Malam, sa tafin hannunka a wurin. Me ka ji? Ka ji sanyi? Fenti ya kumbura kamar ƙunar ruwan zafi? Wani farin gari ya maƙale maka a hannu? Hajiya, ko kin ji wannan warin da ke kama tufafi a cikin akwati, wanda turaren wuta ba ya kore shi?

To, wannan shi ne danshi, wasu su ce laima. Shi ne maganarmu ta yau. Za mu fara da dalilin da ya sa ya fi damun tsofaffin gidajenmu na nan Kudu. Daga nan mu ga yadda ake gane hanyar da ruwan ya biyo. Sai mu taɓo lafiyar iyali. A ƙarshe mu zo kan gyara, da kuma abin da ɗan haya zai iya yi.

Magana ɗaya nake so ku riƙe tun daga yanzu. Bango ba ya haifar da ruwa. Duk ruwan da ke cikin bango, daga wani wuri ya zo. A nemo hanyarsa a tare ta, kafin a taɓa gwangwanin fenti.

Ga kashi na farko: me ya sa abin ya fi tsanani a nan?

Unguwanninmu tsofaffi ne. An gano kwal a duwatsun Udi a 1909. A 1916 layin dogo ya haɗa Inugu da Fatakwal domin kwashe shi zuwa bakin teku. Garin ya tashi a kan kwal da jirgin ƙasa, kakanninmu kuma suka biyo da shanu da fatauci. Zama ya yi zama, har wani ɗan kasuwar shanu daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Gidaje da yawa da muke ciki a Ogui da Asata sun girmi masu kwana a cikinsu. Wasu sun ga damina sittin, wasu saba'in.

Daminar nan kuwa ba irin ta gida ba ce. A Kano, ruwan shekara yawanci bai kai milimita 1,000 ba. A Inugu ya haura 1,600. A Fatakwal ya zarce 2,000. A Arewa ruwa kan yi wata huɗu zuwa biyar, sai rani ya zo ya busar da komai ƙayau. A nan kuwa tun Afrilu ake ruwa, har Oktoba. Bango bai gama bushewa ba, wani ruwan ya sauko.

Sannan ga ƙasar kanta. Inugu na zaune ne a gindin tudu, a kan wani irin dutsen laka da ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. Shi ya sa rijiyar burtsatse ke wahalar samuwa a cikin gari, har ake sayen ruwan tanka daga Nainz Mayil da ke wajen gari. Shi ya sa kuma rijiyar gida kan cika taf da damina, ta ƙafe da rani. Ruwan sama ba ya nutsewa can ƙasa. Yana nan kusa, kwance a ƙarƙashin ƙafafunmu, daidai inda harsashin gida yake.

To yaya ruwa ke hawa bango, alhali mun san ruwa gangara yake bi? Ku tuna lagwanin fitila. Kananzir yana ƙasa, wuta tana sama, amma lagwani yana jawo shi. Ko ku je teburin mai shayi. Tsoma gefen burodi a kofi, ka riƙe. Za ka ga shayin yana hawa da kansa, har ya jiƙa inda bai taɓa kofin ba. Bulo ma haka yake. Cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. In gindinsa na cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, zai yi ta sha kamar burodi. Bulon da aka yi wa rowar siminti kuwa ya fi kowanne sha.

Domin hana wannan ne magina ke sa abin da suke kira di-fi-si. Kada sunan ya ruɗe ku. Shimfiɗa ce kawai ta abin da ruwa ba ya ratsawa, leda mai kauri ko kwalta, da ake sawa tsakanin harsashi da bangon da zai hau kansa. Katanga ce tsakanin ruwan ƙasa da ɗakinka. A Ingila tun wajen shekarun 1870 dokokin gini suka fara neman a riƙa sa ta. Ƙa'idarta ita ce ta kasance sama da ƙasar waje da aƙalla santimita 15, wato inci 6, kusan tsawon biro. A nan za ka ji magini ya ce an zuba jaman fulo, wato kankaren da ake malalawa a kan harsashi. Ku sani, kankare shi kaɗai ba ya hana danshi. In ba a shimfiɗa leda a ƙarƙashinsa ba, shi ma yana sha.

Tsofaffin gidajenmu, wasu ba a taɓa sa musu wannan shimfiɗa ba. Wasu an sa, ta tsufa ta kakkarye. Wasu kuma tana nan lafiya lau, amma an binne ta. Wannan na ukun shi ne abin da na fi gani a unguwanninmu, kuma shi ne ba a cika lura da shi ba. Duk lokacin da aka gyara titi, sai titi ya ƙara tudu. Maƙwabci ya yi ciko, ya ɗaga tsakar gidansa. Ruwa ya kwaso yashi ya tara a jikin bango, shekara da shekaru. Gidan da a da ake hawa matakala biyu a shiga, yau sai an sauka ake shiga. Ƙasar waje ta haura shimfiɗar, ruwa ya samu gada ya tsallaka.

Ku tuna gidajen ƙasa na Kano da Zariya da Katsina. Maginanmu na gargajiya sun san wannan ciwo, sun kuma san maganinsa. Me ya sa indararo yake da tsawo? Domin ya jefa ruwan soro nesa da bango. Me ya sa ake yin dakali a ƙofar gida? Wurin hira ne, gaskiya, amma kuma garkuwa ce ga gindin bango. Ga makuba da ake yi da ɓawon ɗorawa, ga laso, ga yaɓen da ake sabuntawa kafin ruwa ya sauka. Duk dabarar guda ce: a nisanta ruwa daga ƙafar gini. Abin da ke damuna shi ne mun zo inda ruwa ya ninka na gida, muka bar wannan ilimi a can.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan danshi a gindin bango. Ga kashi na biyu: yadda za ka gane hanyar da ruwan ya biyo.

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona. Kwanakin baya na shiga ɗakin wani ɗan uwa a bayan titin Ogui. Ɗaki ɗaya ne da falo, shi da iyalinsa. Ya ce mini sau uku yana fenti cikin shekara biyu. Muka ja durowar kaya gefe. Katakon da ke zagaye da gindin bango, wanda magina ke kira sikatin, ya yi baƙi. Na danna shi da babban yatsa, yatsan ya shige kamar na danna dafaffen dankali. Da muka ɓamɓare shi, bayansa duk hanyoyin gara ne, ƙusoshin sun yi tsatsa sun narke. A jikin bango kuma ga wani layi mai ruwan ƙasa, ya tafi a karkace, tsayinsa daidai gwiwata. Na ce masa mu fita waje. Muna zagayawa bayan ɗakin muka ga abin. Kwanon rufi ba shi da mazurari, ruwa na zuba kai tsaye a gindin bango, har ya haƙa rami. Lambatun da ke wurin kuma cike yake da ledar fiya wata. Ciwon yana waje, shi kuwa shekara biyu yana shafa magani a ciki.

Saboda haka bincike daga waje ake fara shi. Amma bangon ciki ma yana ba da labari, in ka iya karanta shi.

In danshin daga ƙasa yake hawa, za ka ga ya fara daga daɓe, ya yi layi a jikin bango. Da wuya ya wuce ƙugun babban mutum, wato mita ɗaya ko sama da haka kaɗan. Yakan zo da farin gari. Wannan garin gishiri ne. Ruwa ne ya ɗauko shi daga ƙasa da cikin bulo, ruwan ya bushe ya bar shi. Shi ne ke tura fenti ya ɓare, ya mai da filasta gari. Shi ya sa muke cewa gishiri ya ci bango. Irin wannan danshin ba ya tafiya gaba ɗaya ko da rani, sai dai ya ja baya.

In kuma daga gefe yake shigowa, za ka ga yana bin ruwan sama. An yi ruwa yau, gobe tabon ya faɗaɗa. An kwana biyu ba ruwa, ya ragu. Duba bayan wurin. Za ka tarar da gansakuka ta yi kore shar, ko tsaga a filasta, ko ƙasa ta taru. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ya fi ƙadangare iya neman tsaga.

Bari mu yi lissafi kaɗan, domin ku ji yawan ruwan da muke magana a kai. Ɗauki rufin da tsawonsa mita 10, faɗinsa mita 10. Ba babban gida ba ne. In aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 30, rufin nan zai zubar da lita 3,000. Duro 15 ke nan, a ruwa ɗaya. A shekara kuwa, duro 800 ko fiye. Ku ji fa, duro 800. In ba mazurari, duk a gindin bangonka yake sauka. Ruwan da da rani za mu sa kuɗi mu saya a wurin masu tanka, shi ne da damina yake cin gidanmu.

Akwai kuma ruwan da mu da kanmu muke zubawa. Bututun famfo da ya tsage a cikin bango. Sokawe da ta cika. Banɗakin da ya haɗa bango da ɗakin kwana. In ka ga tabo a wuri ɗaya, ba ruwansa da rani ko damina, nemi bututu. Sannan ga wurin alwala. Ina faɗin wannan da girmamawa, domin dukanmu muna yi. Mutum ya fito da buta, ya tsuguna a gindin bango, domin nan ne inuwa, nan ne sirri. Mutum goma a gida, sau biyar a rana, shekara ashirin. Ku dubi bangon masallatan unguwa ta gefen da ake alwala, za ku ga shaida. Haka wurin wanke-wanke da wanki. Ƙaramin dakali mai gangara da 'yar kwata zuwa lambatu sun isa su raba mu da wannan.

Na ƙarshe shi ne gumin bango. Ɗaki ƙarami, mutane da yawa, taga a rufe saboda sauro, ana girki a ciki, an shanya jiƙaƙƙun kaya saboda ruwa ya hana shanya a waje. Tururin nan yakan kwanta a bango mai sanyi, kamar yadda raɓa ke kwanciya a jikin kwalbar lemo mai sanyi.

Ga gwaji mai sauƙi, ba ya cin ko sisi. Samu farar leda, faɗin tafin hannu biyu. Manna ta a wurin da ke da danshi, ka liƙe gefunanta huɗu da salatif, kada iska ta shiga. Bar ta kwana biyu. In ka ga ruwa a bayan ledar, ta gefen bango, to daga cikin bango yake fitowa. In a fuskar ledar yake, ta gefen ɗaki, to gumi ne, iska ɗakin ke buƙata. Na sake faɗa: ruwa a bayan leda, daga bango ne. Ruwa a fuskar leda, daga ɗaki ne. Ka kuma ɗauki alli ka zagaye bakin tabon, ka rubuta kwanan wata. Bayan mako biyu ka duba, ya wuce layin ko ya ja baya.

(Gajeren kiɗa)

Kashi na uku, lafiyar iyali. A nan ina roƙon iyaye mata su matso kusa da rediyo.

Wannan baƙin abu da ke fitowa a bango mai danshi, funfuna ce, irin wadda ke kama tuwon da ya kwana biyu. Tana da rai. Tana sakin ƙura mai laushi a iska, mu kuma muna shaƙa, musamman da dare, ɗaki a rufe. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan danshi da funfuna a cikin gidaje. Ta nuna cewa masu zama a irin waɗannan gidaje sun fi fuskantar tari da ciwon ƙirji da tashin asma.

A garin Rochdale na Ingila, wani yaro mai suna Awaab Ishak, ɗan shekara biyu, wanda iyayensa 'yan asalin Sudan ne, ya rasu a Disambar 2020. A 2022 mai binciken musabbabin mutuwa ta yanke cewa daɗewa yana shaƙar funfunar gidansu ne ya jawo ajalinsa. Mahaifinsa ya yi ta kai kuka ga masu gidan, ba a gyara ba. Abin ya girgiza ƙasar, har a 2023 aka yi doka da ake kira da sunan yaron, mai tilasta wa masu gidajen hayar jama'a su gyara danshi cikin ƙayyadadden lokaci.

Mu a nan, wa ke kwana a ƙasa, kusa da bango? Yara ne. Katifarsu ce a jingine da wurin da ya fi sanyi. Uwargida, in yaronki na yawan tari da dare, ko ƙirjinsa na shaƙewa, kuma kin lura yana samun sauƙi in kun je gida hutu, ki kai shi asibiti, ki kuma gaya wa likita halin da ɗakinku yake ciki. Daren yau ki matsar da shimfiɗarsa daga bangon.

In za a goge funfuna, a fitar da yara, a buɗe taga, a rufe hanci da baki, a sa safar hannu. A yi amfani da ruwan sabulu, ko bilic da aka sirka da ruwa. Kada a haɗa bilic da wani maganin wanke banɗaki. Haɗin yana fitar da iska mai guba. Gishirin bango kuwa a busasshe ake kankare shi da buroshi. In ka wanke da ruwa, narkewa zai yi ya koma ciki. Wani abu kuma: in akwai soket a bangon da ya jiƙe, a daina amfani da shi, a kira mai gyaran wuta. Ruwa da lantarki ba sa ga maciji.

'Yan uwanmu na Anacha da Ogbaru da suka ga ambaliyar 2012 da ta 2022 sun san yadda danshi ke daɗewa a bango. Ruwa kan janye daga ɗaki cikin kwanaki, amma bango ya riƙe nasa wata da watanni.

(Gajeren kiɗa)

Mun zo kashi na huɗu, gyara. Me muka ce tun farko? A nemo hanyar ruwa a tare ta, kafin a taɓa fenti.

Bari in fara da abin da ba na so a yi, domin shi ne ya fi cin kuɗin mutane. Ana ganin danshi, sai a ce a manna tayil har zuwa taga, ko a shafa fentin mai. Ranar da aka gama, ɗaki ya yi kyau. Amma ruwan yana nan. A da yana fita ta fuskar bango ya bi iska. Yanzu an toshe masa ƙofa, sai ya ƙara hawa. Bayan damina ɗaya ko biyu za ka ga tabon ya ɓullo a saman tayil, ko ya fita ta ɗakin maƙwabci. An kashe maciji ba a sare kansa ba. In bangon na tubalin ƙasa ne aka yi masa filastar siminti, abin ya fi haɗari. Siminti zai riƙe ruwan a ciki, ƙasar ta yi laushi, daga waje kuwa ba a ganin komai, sai ranar da filastar ta faɗo gaba ɗaya.

Aikin gaskiya daga waje yake farawa, kuma mafi yawansa ba shi da tsada. A yashe lambatu. A sa wa kwano mazurari da bututun da zai kai ruwa cikin duro ko tanki, abin da ya yi saura ya tafi lambatu. A kwashe ƙasa da tarkacen da suka taru a jikin bango, har ƙasar waje ta koma ƙasa da daɓen ɗaki. Sannan a zagaye gidan da dakalin kankare, faɗinsa kamar taku ɗaya, a karkata shi waje, yadda ko kofin ruwa ka zuba zai gudu daga bango. A lura da karkatar nan sosai. Na sha ganin dakalin da aka karkata shi ciki, ya zama shi ke kai wa bango ruwa. Ka tsaya a kan magini, ka zuba ruwa da buta ka gani da idonka kafin ka biya.

Inda ƙasa ke tsattsafo, kamar gidajen da ke gangaren rafin Asata, akan haƙa 'yar kwata a ɗan nesa da bango, a sa bututu mai huji-huji, a rufe da tsakuwa, ta janye ruwan zuwa gangara. Amma kada a haƙa dab da harsashi, kada kuma a zarce zurfinsa.

Sai an gama da waje ake shiga ciki. A cire ruɓaɓɓen sikatin, a fitar da shi daga gida, domin gara na ciki. A sassaƙe filastar da gishiri ya ci, a haura bakin tabon da kamar ƙafa ɗaya. Daga nan sai haƙuri. A bar bango tsirara ya sha iska. Bushewar bango aikin watanni ne. Lokacin da ya fi dacewa shi ne a sassaƙe in ruwa ya ɗauke a Nuwamba, hunturu ya busar da shi a Disamba da Janairu, a yi sabuwar filasta kafin ruwan Afrilu. A yi ta da yashi mai tsabta, a sa maganin hana ruwa da ake haɗawa da siminti. Sabon sikatin, in da hali, a yi na tayil ko na siminti. In katako ake so, a shafa masa maganin gara gaba da baya, kada kuma ya zauna a kan daɓe kai tsaye.

In an yi duk wannan danshi bai daina hawa ba, to sai an sa wa bangon sabuwar shimfiɗar hana ruwa. Akan yanka bango kaɗan-kaɗan, a sa leda ko kwalta, a cike, a bari ya kama, sannan a matsa gaba. Akwai kuma maganin da ake ɗurawa ta ƙananan ramuka. Wannan ba aikin kowane mai cokali ba ne, a nemi wanda ya taɓa yi. In kuwa ka ga tsaga tana ƙara buɗewa, ƙofa ta daina rufuwa, ko daɓe ya lotsa, maganar ta wuce danshi, ta kai ga harsashi. Laka kan kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke in ta bushe, gini kuma yana motsi da ita. A fitar da iyali daga ɗakin, a kira injiniya.

Yanzu ga maganata da 'yan haya, domin mu ne mafi yawa. Na san abin da ke ranka. Gidan ba nawa ba ne, ni baƙo ne, gini na yana can gida. Ɗan uwa, shekara nawa kana faɗin haka? Wasunmu a ɗakin nan aka haifa musu 'ya'ya, a nan suka yi wayo, a nan aka aurar da su. Bangon na mai gida ne, amma ƙirjin da ke shaƙar funfunar na ɗanka ne. Buhun wake ko shinkafar da ke ruɓewa ta ƙasa a shago, jarinka ne.

Abin da ke hannunka, yi shi yau. Bar tazarar tafin hannu tsakanin bango da kaya. Ɗora buhuna a kan katako. Ɗaga ledar ɗaki ka duba ƙarƙashinta, ka bar daɓe ya sha iska. Sa wa taga raga domin ka iya barin ta a buɗe. Abin da ya fi ƙarfinka, ɗauki hotonsa a waya, ka kai wa mai gida ko mai kula da gidan cikin mutunci, tun kafin lokacin biyan kuɗin haya. In kun yarda za ka gyara a cire a kuɗin haya, a rubuta, a sa shaidu. In magana ta ƙi, akwai shugabannin unguwa, akwai fadar Sarkin Hausawa, su shiga tsakani. Alhazanmu masu gidajen haya, ku ma ku ji tsoron Allah. Kuɗin mazurari bai kai kuɗin sake bango ba.

Lambatu kuwa na kowa ne. In ka yashe naka, na gaba ya toshe, ruwan gidanka zai dawo. In ka ɗaga tsakar gidanka ka juya wa maƙwabci ruwa, ka shiga haƙƙinsa, ko Bahaushe ne ko Ibo. Ranar tsaftar muhalli mai zuwa, matasan layi su fito da shebur tare, a fara daga inda ruwa ke fita, a yo sama.

Lokaci ya yi mana halinsa. Ga aikin da zan bar muku. Ruwan da za a yi nan gaba, kada ka zauna a ɗaki. Ɗauki lema, ka fita ana tsaka da shi, ka zagaya gidanka. Dubi inda kwano ke zubarwa. Dubi inda ruwa ya kwanta. Dubi inda ya taɓa bango. Sa alama a wurin, da gari ya waye ka nuna wa mai gida ko magini.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana gidajenmu da iyalanmu.